Ta Gidan Habsa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Filinge a wancan zamani ya san Dija mai fura. Ita ce gajeruwar matar nan mai zama gindin dogon yaro, daf da inda motocin Yamai ke lodi, da ƙorai uku a gabanta, kowace an rufe ta da faifai. Furarta na da yaji, bakinta ya fi furar. Ta taɓa wanke wani jandarma tas a gaban jama'a saboda ya tsoma yatsa cikin ƙwaryar nono, ta kuma laƙa wa direbobi sunayen tsiya da suka bi su har tsufa. Babu abin da bakin nan ke shakkar faɗa, in ka cire abu ɗaya, wato sunan 'yarta ta fari.

Sunan yarinyar Saratu. Ni na faɗa, ba Dija ba.

An haifi Dija a Garin Magagi, wani ƙauye mai tafiyar rabin yini a ƙafa daga Filinge, inda ba a san wani aiki ba sai noman gero da jiran ruwa. Ta auri Jibo, manomi mai sanyin hali, wanda mutane suka ce Allah ya haɗa shi da ita ne don kada gidan ya kama da wuta. Shekara na zagayowa ta haifi mace. To, a ƙasar Kurfai, kamar sauran wurare, akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kallon tsabar idonsa. In ya faɗi yana kuka sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗauka. Yawancin mata sukan riƙe abin shekara biyar ko goma, sannan ya sassauta da kansa, su samo wani laƙabi su riƙa kiran yaron da shi. Dija kuwa ba ta iya riƙe abu rabi da rabi ba. Ko laƙabin ba ta yarda ta yi ba. Da aka yaye yarinyar, Habsa yayar Jibo, wadda ke aure a cikin Filinge kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo ta goya ta ta tafi. Tun daga ranar, in ta kama dole a yi zancenta, Dija sai ta ce "ta gidan Habsa". Yarinyar kuma ta tashi tana kiran Habsa Inna, tana kiran Dija Yaya, yadda ta ji ƙannen Dija na yi.

Tsofaffin gari suka yaba, har suna kafa misali da ita in za su yi wa amare faɗa. Babu wanda ya tambaye ta yadda ta ƙare a makon da aka tafi da yarinyar, ita ma ba ta faɗa ba. Ta sake haihuwa, Lawali da Hawa, waɗannan kam ta kira sunayensu har maƙwabta suka gaji.

Mijin Habsa ɗan aike ne a biro, wato ofishin gwamnati, ya ga abin da boko ke mayar da mutane, saboda haka ya sa yarinyar lakwal, makarantar boko. Ranar rubuta suna, mushen, wato malamin lakwal ɗin, ya dubi matar da ke riƙe da hannun yarinya ya tambayi sunanta, ta ce Habsa, ya rubuta a gurbin uwa. Haka takardar ta bi Saratu duk inda ta je.

A nan sana'ar fura ta samo asali. Dija, wadda da ba ta damu da cin kasuwa ba, ta tashi rana ɗaya ta ce za ta riƙa kai fura Filinge duk ranar kasuwa. Ta kuma zaɓi wuri mafi muni, can gefe inda ba mai wucewa sai jakuna da 'yan lakwal. In an tashi yara da tsakar rana sai ta ɗaga murya ta ce su zo su sha, duk sun yi furu-furu da yunwa kamar ba su da iyaye. Haka ta shayar da rabin 'yan matan lakwal kyauta, shekara da shekaru, don dai mutum ɗaya ya sha. Ba ta ɗago kai in ludayi ya iso hannun da take nufi. Kunne kawai take kasawa ta ji haɗiya. Jibo ya lura furar na ƙarewa amma ba a ganin amfaninta a gida, da yake shi mai hankali ne bai tambaya ba.

A can gefen kasuwar ta gano wani hali na yarinyar. In tsoro ya kama ta, cikinta ke rufewa. Lokacin jarrabawar fita ƙaramar makaranta ta yi kwana huɗu ba abin da ya wuce maƙogwaronta. Habsa ta yi rarrashi, ta yi faɗa, ta karɓo rubutu, duk a banza. Dija ta ji labari a bakin yara. Da kasuwa ta watse ta biya ta ƙofar Habsa ta ajiye ƙullin dawo, irin wanda take kirɓawa sau biyu da citta da kanumfari, ta ce ragowa ne, kada ya lalace. Aka dama, yarinyar ta shanye ta nemi ƙari. Matan nan biyu ba su taɓa yin zancen ba har suka rabu.

Shekarar babban fari Garin Magagi ya watse, Jibo ya kwaso iyalinsa suka dawo Filinge, bai daɗe ba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. A lokacin Saratu na Yamai tana karatun koyarwa. Sai wata safiya radiyo ya daina magana ya kama kiɗan soja, aka ce an yi juyin mulki, an ji harbi a babban birni. Dija ta bar surfe a turmi ta nufi tasha. Ta wuni tsaye, duk motar da ta shigo sai ta tari direba ta ce, Yamai lafiya? In ya ce lafiya, sai ta rasa yadda za ta yi tambaya ta biyu. Kwana uku tana haka, kafin wani direba mai suna Manu, wanda ya san gidan ciki da waje, ya ce da ita yana kallon taya cewa 'yan makarantar koyarwa duk suna nan ƙalau, ya gan su da idonsa. Daga ranar ta kwaso ƙoranta ta dawo tasha gaba ɗaya. Mutane suka ce ta gano inda ciniki yake. Ita dai ta gano inda labarin Yamai ke fara sauka. Kuma duk mako sai ta miƙa wa Manu ƙullin dawo ta ce saƙon Habsa ne, ya kai inda ya sani.

Saratu ta fito malama. Ta koyar a makarantun daji inda aji rumfar kara ce, ta zama shugabar makaranta, ta auri wani ma'aikaci mai suna Hamani. Zamanin soja aka jawo ta ƙungiyar mata, ta yi ta yawon ƙauyuka tana faɗa da masu gari kan rijiya da sa 'ya'ya mata lakwal. Waɗanda suka san Dija suka ce ba sai an tambayi inda ta gaji bakin ba. Da mulki ya koma hannun farar hula aka buɗe jam'iyyu, ta shiga ɗaya. Ta zo Filinge yaƙin zaɓe, ta hau bayan mota da lasifika a tsakiyar tasha, taku ashirin daga dogon yaron nan. Dija ta rufe ƙoranta ta ce rana ta yi zafi, ta tafi. Ba gida ta je ba. Bayan katangar masallacin tasha ta tsaya, ta ji jawabin daga farko har ƙarshe.

Ranar da radiyo ya karanta sunayen sababbin ministoci aka ji Madam Hamani Saratu, guɗa ta tashi daga kowace unguwa ta nufi gidan Habsa. Dija ta je ita ma, ta yi wa Habsa barka kamar kowa, ta taya raba goro. Amma murna ba ta zauna mata ba. Ta daɗe a tasha, ta ga manya nawa radiyo ya naɗa da safe ya sauke da yamma, ta ga motocin da suka kawo su da jiniya da waɗanda suka mayar da su a ɓoye. Ta sayi ƙaramin radiyo ta rataye a reshen dogon yaro, ta ce don direbobi ne. In za a ambaci sunan sai ta kama bugun ludayi a ƙwarya, ko ta tsokani wani da faɗa, amma ba ta taɓa rage muryar radiyon ba. In ko aka sa wani kiɗa mai ƙaho da ganga, ko da na tallar magani ne, sai hannunta ya tsaya cak a cikin fura. Tsoro ne ya zauna mata a ƙirji tun daga ranar naɗin, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, don a idon duniya ba ita ke da hakkin wannan tsoro ba.

Shekara biyu da naɗin Habsa ta rasu. Radiyo ya sanar da rasuwar mahaifiyar minista, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci. Motoci suka yi jerin gwano daga Yamai, sojoji suka tsare bakin titi, manyan ƙasa suka zauna kan tabarmi suna yi wa Saratu ta'aziyyar uwa. Dija na can bayan gida cikin masu tuƙa tuwo, hayaƙi na ba ta dalilin share ido. Rana ta uku ministar ta zagayo har wurin murhu ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina haƙuri?" Dija ta amsa wa tukunya. Ta ji ƙanshin turaren 'yarta dab da ita, ta ga gefen zanenta ya taɓa toka, ta so ta kai hannu ta karkaɗe, ta fasa. Wannan abu ya ci mata rai ƙwarai, ya kuma daɗe yana ci.

Mako na zagayowa ta miƙa wa Manu ƙulli yadda ta saba.

"Dija, Habsa ko daga lahira takan aiko da dawo?" in ji shi.

"Kai dai ɗauka ka kai, ba a aike ka tambaya ba."

Abin da take tsoro ya zo ne wata ranar aiki da azahar, tana cikin auna wa wani Bafillace fura. Mai labarai ya yanke magana a tsakiya, radiyo ya yi shiru, sannan kiɗan ya taso. Wannan karon ba tallar magani ba ce. Kafin la'asar aka ce sojoji sun karɓi mulki, sun kuma tattara ministoci a wani gida na gwamnati ana tsare da su. Tasha ta cika da masana. Wani ya ce za a kai su arewa cikin hamada, wani ya ce ya ji an harbe biyu, wani ya rantse da Alƙur'ani ba a taɓa kowa ba. Duk mai magana in ya hango Dija sai ya rage murya, don mutanen Filinge sun san gaskiya ko radiyo bai sani ba. Ita kuwa ta ci gaba da dama fura tana zuba wa mutane fiye da abin da suka nema, ba ta ma lura ba.

Kwana biyar babu motar da ta shigo daga Yamai. Rana ta shida Manu ya iso, bai tsaya sauke kaya ba ya zo gindin dogon yaro ya tsuguna. Ya ce saƙo ne daga Hawa, ƙaramar 'yar Dija, wadda ke aure a Yamai. Ana barin a kai wa tsararrun abinci, Hawa na kai wa yayarta kullum, amma kwanon na dawowa yadda ya tafi, ko murfi ba a ɗaga ba. Ta roƙi a bar ta ta shiga, an ce doka ta yarda da miji ko uba ko uwa ne kawai. Hamani kuwa juyin ya rutsa da shi a Kwatano wajen aiki, an rufe iyaka. Uba ya rasu. Manu ya sunkuyar da kai, yana wasa da makullin mota.

Dija ta ajiye ludayi. Ta lissafa a ranta, kwana shida ke nan, wancan karon na jarrabawa kwana huɗu ne, kuma a lokacin yarinya ce mai ƙarfi. Ta tashi ta bar ƙoranta a hannun maƙwabciya, ta je gida ta buɗe buhun geron da take ajiya don salla. Ta surfa, ta wanke, ta daka, ta kirɓa sau biyu. Washegari da hantsi ta shiga gaban motar Manu da ƙwarya a cinya, matar da ta yi shekara ashirin tana sallamar motocin Yamai amma ba ta taɓa wuce Baleyara ba.

Hanyar ta yi mata tsawo. Sau huɗu sojoji suka tsayar da su suka sauke kowa, sau huɗu aka ɗaga faifan ƙwaryarta aka leƙa. A Baleyara wani ƙaramin soja ya sa bakin bindiga zai motsa dawon. Matar da ta wanke jandarma a gaban jama'a ta haɗiye maganarta, ta ce masa don Allah, abincin mara lafiya ne. Manu ya ce tun da yake bai taɓa jin ta ce don Allah da wannan murya ba.

Suna isa ba ta yarda ta zauna ba, Hawa ta raka ta ƙofar gidan da ake tsaron. Katanga ce doguwa, da ƙofar ƙarfe, da teburi a gefe inda soja ke zaune da babban littafi. Mutane sun yi layi da kwanoni. Da aka zo kanta sojan ya tambayi wa take nema, ta ce ta Hilinge, wato ministar da ta fito daga Filinge. Ya tambayi mece ce ita gare ta. Shekara arba'in da 'yan kai na sabo suka riga ta buɗe baki, ta ji kanta tana cewa maƙwabciyar gidansu ce. Sojan ya ce ta ajiye abincin ta tafi. Ta ce fura ce, sai an dama, kuma ita za ta dama. Ya ce to ta tafi da abinta, ya kira na baya.

Hawa ta ja ta suka koma gida. Can ta zauna gaban uwarta ta yi mata bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro karatu. Gobe za ta ce ita ce uwa. Za su nemi ta faɗi sunan wadda take nema, don haka ake yi wa kowa, a rubuta a littafi. Ta faɗa, shi ke nan.

"Inna, kalma guda ta. Wa za ya ji ki a Yamai?"

"Ni za ni ji," in ji Dija.

Amma ta san Hawa na da gaskiya. Kwana bakwai ke nan. Da ta sallame sallar asuba ta zauna kan tabarma ta gwada. Sunan na nan, bai taɓa barin ta ba, da shi take kwana da shi take tashi, a cikin addu'a ma takan tsaya daidai wurinsa ta yi shiru don ta san Allah ya gane. Ta buɗe baki, harshe ya ƙi. Ta sake gwadawa a hanya, tana tafe bayan Hawa leɓɓanta na motsi, har wata mai tallar ƙosai ta bi ta da kallo. Sau ɗaya ta ji kamar farkon sunan ya fito, gabanta ya faɗi kamar ta yi sata. Ta ce wa kanta ai ba zunubi ba ne, ba a cikin littafi yake ba, malamai ma sun sha faɗa. Ta ce wa kanta tsofaffin da suka yaba mata duk suna ƙarƙashin ƙasa. Ta yanke shawara za ta faɗa ko da bakinta zai tsage.

A teburin ba sojan jiya ba ne. Wani sarjan ne mai furfura a gefen kai, da tabarau ɗaure da zare. Ya tambaye ta wa take nema, ta ce ta Hilinge. Ya tambayi mece ce ita gare ta. Dija ta dafa teburin.

"Ni na haihe ta."

Wannan ne karo na farko da maganar ta fito bakinta tun da aka yanke cibiya. Sarjan ya ajiye alƙalami ya dube ta sama da ƙasa, tun daga tsohon mayafi har silifas ɗin da ya sha ɗinki. Ya ce uwar Madam ta rasu, duk ƙasa ta ji a radiyo, shi da kansa yana cikin waɗanda suka yi gadi a Filinge ranar ta'aziyya. Ya ce a makon nan mata biyu sun zo nan, kowace ta rantse ita ta haife ta, ɗaya har da kuka. Sannan ya ɗauki alƙalamin ya ce to, ba gardama, ta faɗi sunan 'yar tata ya rubuta.

Wata mata a baya ta raɗa mata sunan, a zatonta tsufa ne ya sa ta manta. Hawa ta matse mata hannu. Dija ta ja numfashi ta buɗe baki. Ta ga yarinya 'yar shekara bakwai riƙe da ludayi a gefen kasuwa, ta ga gefen zane a cikin toka. Ta tura sunan da dukan ƙarfinta, ya taso har maƙogwaro ya tsaya. Sarjan ya ce yana jira. Ta sake gwadawa, iska kawai ta fito. Ya ce sunan da kowane yaro a ƙasar nan ya sani, ita uwa ba ta sani ba? Karo na uku ko bakin bai buɗu ba. Hawaye suka zubo mata, a gaban soja, a gaban baƙi, ita da ko ranar mutuwar Jibo sai da ta shiga ɗaki. Ta san ta kasa, ta kuma san abin da kasawar za ta jawo. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta ta juya.

"Iya, dawo," in ji sarjan.

Ya riga ya miƙe yana laluben makulli. Ya ce ta yi masa gafara, umarni ya bi. Tun ranar da aka kawo su Madam ta kira shi ta ce wata tsohuwa za ta zo daga Filinge da ƙwarya. Ta ce a tambaye ta sunanta. In ta faɗa, ba ita ba ce, a sallame ta. In ta kasa, a buɗe mata ƙofa.

Ɗakin ƙarami ne, da gado ɗaya da kujera, an manne tagar da takarda. Matar da ke zaune bakin gadon ba ta yi kama da ta jikin hotunan zaɓe ba. Babu dogon ɗaurin kallabi, ƙashin wuya ya fito, leɓɓa sun tsattsage. Ta yunƙura da ƙyar ta durƙusa ta ce, "Yaya, kin sha hanya." Dija ta amsa wa bango. Ta nemi sarjan ya kawo ruwa, ta zauna a ƙasa ta kwance ƙullin, ta marmasa dawon ta shiga damawa. Da ta gama ta tura ƙwaryar gefe, ba ta waiga ba.

"In da mai sha a ɗakin ga, ga hura."

Ta kasa kunne yadda take yi a gefen kasuwa. Shiru ya yi tsawo har ta fara fid da rai. Can ta ji an ja ƙwaryar, ta ji ludayi ya nutse, ta ji haɗiya ta farko, mai wuya, kamar ana tura dutse. Ta biyu ta fi sauƙi. Saratu ta sha rabi ta tsaya tana kuka a hankali. Dija ta ce wa bango furar ta yi tsami, hanyar ce da nisa. Sannan, don abin ya tsaya mata a rai, ta ƙara da cewa ta so ta faɗa, tun asuba take gwadawa.

"Na san ba ki iyawa, Yaya. Shi ya sa na ce musu haka."

Ba da zargi ta faɗa ba, har da ɗan murmushi. Amma maganar ta shiga Dija har ƙashi. Yarinyar nan ta tabbata za ta zo, wannan ya yi mata daɗi. Ta kuma tabbata ko ranta na kan layi sunanta ba zai fito bakin uwarta ba, ta jingina da wannan kamar yadda ake jingina da bango. Abin da aka hana ta tun tana goye, da shi ta gane uwarta. Dija ta rasa ta yi godiya ko ta nemi gafara. Ta jawo ƙwaryar ta ƙara ruwa ta sake turawa, aka shanye.

An saki ministocin bayan mako uku. Saratu ta koma koyarwa, daga baya ma ta sake shiga siyasa, Dija ta koma gindin dogon yaro da radiyonta, ta ci gaba da cewa ta gidan Habsa har ta bar duniya. Amma ranar nan ba wanda ya san haka. Abin da aka sani kawai shi ne lokaci ya cika, sarjan ya ƙwanƙwasa ƙofa.

A bakin ƙofa ya tsayar da ita ya ce sai an cika littafi. Ya rubuta sunanta da garinsu, ya rubuta sunan wadda aka zo gani ba tare da ya sake tambaya ba. Da ya zo gurbin dangantaka ya ɗago kai.

"Sa uwa," in ji Dija.

Ya sa. Ba ta tafi ba. Ta tsaya tana duban layin baƙaƙen da ba ta san ko ɗaya daga ciki ba, ta tambaye shi wanne ne nata. Ya nuna mata Dija. Ta ce ba wannan ba. Sarjan ya gane, ya matsar da bakin alƙalami gaba kaɗan, kan sunan wadda aka zo gani. Ashe ɗan gajere ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ta ɗora yatsanta a kai, ta bi shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ta dawo, mutanen layi na jira ba wanda ya ce ta yi sauri.

Da ta ɗauke hannu, garin dawo ya bar farin tabo a kan sunan. Sarjan ya jawo gefen rigarsa zai goge, ta dafe littafin.

"Bar shi," in ji ta.